Yadda Ake Aiki Da Bindigar Awon Zafi Wajen Suya Da Gashi Ba Tare Da Ta Yaudare Ka Ba

Tun da aka gan ni da 'yar bindigar nan a bakin raga lokacin Babbar Sallah tambayoyi ba su yanke ba. Wasu na son sanin ko lambar da take nunawa abin dogaro ce, wasu kuma sun riga sun saya, sun haska tukunya tana tafasa ta nuna musu 45, sun jefa ta cikin durowa suna cewa an cuce su.

Tana faɗin gaskiya, amma gaskiyar fata kaɗai. Zafin saman abu take karantawa, ba ta san me ke ciki ba. Ni da kaina na koyi wannan a gaban baƙi. Na gasa kaji, na haska cinya na ga 92, na sauke ina taƙama. Da yayana ya ɓare cinyar sai ga ja-ja a jikin ƙashi, kyan ɗan maciji. Bai ce komai ba, ya dai miƙo min farantin ya ce, "Malam injiniya, a mayar da ita makaranta." Ga matakan da nake bi tun daga ranar.

1. Zaɓen wadda za ka saya

Gargaɗi tun kafin ka fita: wadda aka riƙa ɗora wa mutane a goshi lokacin korona a 2020 ba ta girki ba ce. An yi ta ne don zafin jiki, tsakanin digiri 32 zuwa 43 a ma'aunin Salshiyas. Wasu suna da maɓallin auna kaya, amma da wuya su wuce 100, man suya kuwa yana kai 180. In kana da ita a gida, bar wa yara masu zazzaɓi abarsu.

In ka shiga shagunan kayan wuta a Sabon Gari ko PZ, ko za ka yi oda ta intanet, juya bayan kwalin ka nemi abubuwa huɗu.

Na farko, iyakar zafinta. Masu araha galibi daga 50 ƙasa da sifili ne zuwa 380, wasu zuwa 550. Mai 380 ta ishi kasko da mai da tanda. In gashi da gawayi ne sana'arka, ɗauki mai 550.

Na biyu, lambar da ke bayan haruffan D:S, wato 8:1 ko 12:1. Bayaninta na mataki na 4, amma 12:1 ta fi.

Na uku, ko tana da maɓallin EMS, wanda ake saita ta da shi gwargwadon yadda abin da ake aunawa ke fitar da zafinsa; bayaninsa na mataki na 5. Waɗanda ba su da shi an kulle su a kan 0.95, kuma wannan ya dace da yawancin abinci. Mai maɓallin ta ɗan fi tsada; tana da amfani, sai dai ba dole ba ce.

Na huɗu, batir. Wasu suna cin ƙananan AAA guda biyu, wasu mai kusurwa huɗun nan na 9V. Na farkon kowane mai tireda yana da su, na biyun sai ka nema, kuma ya fi kuɗi.

Za ka kuma ga an rubuta kuskuren da kamfanin ya yarda tana yi, yawanci digiri 2 ko kashi 2 cikin 100, duk wanda ya fi yawa. Ke nan a kan kasko mai zafin 300 tana iya kauce wa da digiri 6 sama ko ƙasa, kuma ba ta lalace ba. Ga girki wannan ba komai ba ne.

Batun kuɗi: farashi na bin dala, don haka tambayi shago uku kafin ka ciro kuɗi. Irin su Fluke na masu gyaran injina sun ninka marasa suna sau da yawa, kuma mai suyar ƙosai ba ta buƙatar su. Abin da nake so ka sa a lissafi shi ne na'ura ta biyu, ma'aunin zafi mai tsinke, wanda ake soka wa cikin nama. Yawanci bai kai bindigar tsada ba. In kuɗinka na abu ɗaya ne tak, sayi mai tsinken ka bar bindigar sai wani watan.

A gwada a gabanka kafin ka biya. Haska tafin hannunka, ya kamata ka ga wajen 30 zuwa 35. Ja kunamar sau uku a wuri ɗaya. In lambobin na tsalle da digiri da yawa, ajiye musu kayansu.

2. Shirya ta kafin a hura wuta

Duba harafin da ke gefen lambar, C ne ko F. Da yawa suna zuwa a kan F, ma'aunin Amurka, kuma nan ne wasu ke ruɗewa: 350 a F shi ne kimanin 177 a C. Maɓallin sauyawar wani lokaci yana ɓoye cikin gidan batir. Duk lambobin da zan kawo na C ne, wato Salshiyas.

Sannan ka bar ta ta saba da wurin da za ka yi aiki, minti 20 zuwa 30. Tana kwatanta zafin da ya shigo idonta ne da zafin jikinta, don haka in ka ɗauko ta daga ɗaki mai sanyi zuwa tsakar gida da rana tsaka, lambobin farko ba za su zauna daidai ba. Haka in ta kwana a waje cikin sanyin Janairu aka shigo da ita kicin mai ɗumi.

Hattara: yawancinsu an yi su ne su yi aiki a iskar da ba ta wuce 40 ko 50 ba. A bazarar Zariya, watan Maris da Afrilu, inuwa ma tana kusantar 40, balle cikin motar da aka rufe ko gefen kurfoti. Ajiye ta a inuwa, nesa da wuta, ka ɗauko sai za ka auna.

3. Gwajin ƙanƙara

Wannan shi ne zai nuna maka ko taka tana da lafiya, kuma kuɗinsa bai wuce na fiya wata biyu da suka daskare ba.

Naɗe su a tsumma ka daddaka su su yi ƙanana. Cika kofi mai faɗin baki da ƙanƙarar, zuba ruwan sanyi har ya kusa rufe ta, juya, ka bar shi minti uku. Da cokali ka ture ƙanƙarar gefe ta yadda ruwa zalla zai fito a tsakiya. Riƙe bindigar tsaye a kansa, kamar tsawon yatsa daga ruwan, ka ja kunama. Ruwan da ke cakuɗe da ƙanƙara zafinsa 0 ne. In ta nuna tsakanin 2 ƙasa da sifili da 2 sama da shi, lafiyarta ƙalau.

Kurakurai biyu ake yawan yi a nan. Wasu suna jefa ƙanƙara ɗaya cikin kofin ruwa su haska, alhali ruwan bai sauko 0 ba. Wasu kuma suna haskawa a karkace, sai bindigar ta haɗa da bakin kofin.

Kada ka yi wannan gwajin da tafasasshen ruwa. Tururi yana tare mata ido, lambar ta yi ta rawa. Tafasasshen ruwa na mai tsinke ne, kuma ko shi kada ka jira 100. Zariya ta fi teku tudu da sama da mita 600, kuma duk kimanin mita 300 ruwa yana rage digiri ɗaya wajen tafasa, saboda haka a nan wajen 98 za ka gani. Na san wanda ya mayar da ma'auninsa shago saboda waɗannan digiri biyun, ya yi ta faɗa da mai kanti a banza.

Gwajin zafi mai yawa da mai ake yi: ɗora man gyaɗa a wuta, tsoma mai tsinke ba tare da ya taɓa gindin kasko ba, juya man, in ya kai 170 ka haska samansa da bindigar. In sun bambanta da digiri kaɗan, ba matsala. Masu araha ba a iya saita su, don haka rubuta bambancin a salatif ka manna a mariƙinta. Rubuta na ƙanƙara daban, na mai daban, domin kuskurenta a sanyi ba lalle ne ya zama shi ne a zafi ba.

4. Nisa, da jan ɗigon da ke ruɗar mutane

Jan ɗigon leza ba ya auna komai. Manuni ne kawai. Abin da ke awon shi ne idon da ke ƙarƙashinsa, kuma ba ɗigo yake kallo ba, da'ira ce da ke faɗaɗa yayin da kake ja da baya, kamar hasken tocila a bango.

Ma'anar 12:1 ke nan: raba nisanka gida 12 ka sami faɗin da'irar. Daga santimita 30 faɗinta 2.5 ne, kamar bakin murfin kwalba. Daga mita ɗaya ta haura santimita 8. Mai 8:1 daga mita ɗaya tana kallon santimita 12 da rabi. Duk abin da ya faɗo cikin da'irar nan haɗa shi take yi ta ba ka matsakaici. Ka tsaya nesa ka haska tsinken tsire ɗaya, jan ɗigon na kan nama daram, amma lambar ta haɗa da garwashin da ke bayansa.

Don haka matso, taƙi ɗaya zuwa biyu, kuma abin da kake aunawa ya ninka da'irar faɗi. Haska daga sama ko da ɗan karkace kaɗan, ba a kwance ba. In ka matso sosai, tuna cewa lezar na saman idon, don haka wurin da ake aunawa yana ɗan ƙasa da jan ɗigon.

Gargaɗi: kada a haska wa kowa ido, kuma kada a bar wa yara. Abu ne mai siffar bindiga da jan haske, ka san abin da za su yi da shi.

5. Tukunya mai ƙyalli

Nan ne yawancin masu cewa an cuce su suka faɗi. Kowane abu mai zafi yana fitar da wani haske da idonmu ba ya gani, shi bindigar ke kamawa. Nama, ruwa, mai, ƙullu, yumɓu da baƙin ƙarfen da ya sha mai suna fitar da kusan duka, wajen 0.9 zuwa 0.95 in an ɗauki 1 a matsayin cikakke. Gogaggen alminiyon kuwa da tukunyar silba mai sheƙi kaɗan suke fitarwa, wani lokaci bai kai 0.1 ba, sauran kuma madubi suke zama, suna dawo mata da zafin bango ko na jikinka. Shi ya sa sabon kasko da zai ƙone ka har lahira zai nuna 50.

Abin dariyar shi ne tsohuwar tukunyar da hayaƙi ya yi wa baƙi ƙirin, wadda uwargida ke jin kunyar fitowa da ita gaban baƙi, ita ce bindigar ta fi karantawa daidai.

Mafita uku ce. Mafi sauƙi, zuba ɗan mai ya rufe gindin kaskon, ka ba shi daƙiƙu ya ɗau zafi, ka auna man. Ta biyu, auna abincin da ke ciki maimakon jikin tukunyar. Ta uku, in abin bai kai zafin tafasa ba, kamar jikin flas ko kwanon silba, manna baƙin tef na masu gyaran wuta, jira ya ɗau zafin, ka haska tef ɗin. Kada ka manna shi a abin da ke kan wuta, narkewa zai yi.

Mai maɓallin EMS yana iya rage lambar don ƙarfe, amma ni ba na ba da wannan shawarar. Mutum zai saukar da ita zuwa 0.3, ya manta, gobe ya haska mai ya ga lambar da ta wuce hankali. Bar ta a 0.95 ka bi dabarar mai.

Gilas ma haka: ba ta gani ta cikinsa. In ka haska ƙofar oba ko murfin tukunya na gilas, zafin gilas ɗin ta faɗa maka. Takardar foyil kuwa madubi ce kai tsaye.

6. Man suya da tanda

A nan take cin kuɗinta. Yawancin suya mai zurfi, ƙosai, awara, doya, dankali, kaza, tana yin kyau tsakanin 170 da 180. Ƙasa da haka abu ya sha mai ya yi lagwab, sama da haka ya ƙone a waje cikinsa ɗanye.

Juya man da matsami kafin ka haska, domin sama da ƙasa ba zafinsu ɗaya ba. Auna kafin ka zuba kaya. Da zarar sun shiga, kumfa da tururi sun tashi, lambar ba ta da amfani. Bayan ka kwashe, sake aunawa ka jira man ya dawo. Cika kasko da yawa yana saukar da zafin sosai, kuma shi ne dalilin da kaskon farko ke fin na biyu kyau.

Gargaɗi: tataccen man gyaɗa na kamfani yana fara hayaƙi wajen 230, na gida da ba a tace ba tun kafin nan da nisa. Ka ga hayaƙi, rage wuta, kada ka tsaya awo. In man ya kama da wuta, kashe murhu ka rufe da murfin ƙarfe, ruwa kuwa ko ɗigo. Kasko mai baƙin shafin nan da ba ya kamu kada ya wuce 260, kuma in babu komai a ciki nan da nan yake kaiwa.

Na taɓa kai ta wajen goggona da ke toya waina a Tudun Wada. Ta ɗiga ƙullu a gurbi ɗaya, ta saurari ƙararsa, ta ce ta yi. Na haska na ga 180 da 'yan kai. Na haska guraben gefe, sun gaza na tsakiya da kusan digiri 30.

"Goggo, na gefen nan ba su kai ba."

"Kai ɗan nan, sai da ka sayo bindiga ka sani? Ai shi ya sa nake fara zuba musu, in kwashe su daga ƙarshe."

Da tsohuwar zuma ake magani. Amma ga amarya ko yaron shago da bai yi shekara talatin a bakin tanda ba, dabarar ita ce wannan: tsaya kusa da wanda ya iya, duk lokacin da ya ce ta yi ka haska ka rubuta. Lambar nan ta fi duk wadda za ka karanta a wani wuri, domin ta tandarku ce da ƙullunku.

7. Raga da gawayi

Kada ka haska raga kai tsaye. Wayoyinta sirara ne, da'irar kuma ta fi su faɗi, don haka ta ramukan take leƙa garwashi, wanda zafinsa ke haura 600. Ko ta nuna lambar da ba ta da alaƙa da namanka, ko ta rubuta HI, wato abin ya fi ƙarfinta.

Ɗora ƙaramin baƙin kasko ko guntun faffaɗan ƙarfe mai kauri a kan ragar, bar shi minti 10, ka haska shi. Wannan ne zafin da nama zai tarar. Matsar da shi wani ɓangaren ka sake, har ka gane ina ne wuta ta fi ci.

Tara gawayin gefe ɗaya. Ɓangaren mai zafi, 230 zuwa 260, na siraran yanka ne da kuma yi wa nama launi. Ɗayan, 150 zuwa 180, na kaza da manyan tsokoki irin na balangu da ke son lokaci. Garin ƙuli da yaji suna saurin ƙonewa, su ba nama kamannin ya gasu alhali da saura, don haka kaza mai ƙuli ta fi zama a ɓangaren sanyi.

A tukuba, inda tsinke ke tsaye kewaye da wuta, amfaninta shi ne kwatanta wuri da wuri: haska faffaɗan yanka ta fuskar da ta kalli wuta, a ɓangarori daban-daban, ka ga inda iska ke kora zafin.

Gargaɗi: tsaya ta inda iska ke fitowa, domin hayaƙi mai kauri da tururi suna rage lambar. Kuma kada ka rataya hannu a kan wuta kana jira. Daƙiƙa ɗaya ta ishe ta. Idon masu araha roba ne, in ya sha zafi ya lanƙwashe shi ke nan.

8. Cikin nama: ajiye bindiga, ɗauko tsinke

Fatar kaza na iya nuna 90 cikinta bai kai 55 ba, musamman wadda aka ciro daga firiza ba ta gama saki ba. Akasin haka ma na faruwa: naman da aka sauke ya ɗan huta samansa zai huce ya nuna 50, ka mayar da shi wuta ka busar da shi a banza.

Lambobin da Ma'aikatar Noma ta Amurka ta tsayar, na tsakiyar nama ne: kaza da sauran tsuntsaye, har da zabo da talo-talo, 74. Niƙaƙƙen naman sa ko na rago, 71. Tsokar sa, rago ko akuya da ba a niƙa ba, 63 tare da hutun minti uku bayan saukewa. Kifi 63. Yawancinmu mun fi son nama ya gasu sosai, wannan sai ya haura 70.

Soka tsinken a mafi kaurin cinya, kada ya taɓa ƙashi, jira lambar ta tsaya, sannan ka gwada ƙirji. Siririn yanka ta gefe ake shigarsa. Wanke tsinken da sabulu duk lokacin da ya shiga naman da bai gama ba, kafin ya shiga wani.

Ga masu abincin biki da na sayarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci ya zauna sama da 60 ko ƙasa da 5, kuma kada ya wuce awa biyu a tsakanin nan. Bindiga na taimakawa wajen duba kula, amma sai ka juya shinkafar ko miyar tukuna, ka bar tururin farko ya wuce. In an daɗe da ɗauke wuta kana son sanin halin firji, haska kwalin ko robar da ke ciki da zarar ka buɗe, ba leda mai ƙyalli ba.

9. Goge ta, ajiye ta

Ƙurar hunturu da maiƙon kicin suna taruwa a idonta, lambar ta riƙa sauka a hankali ba ka lura ba. Kaɗe ƙurar tukuna, sannan ka goge da auduga mai ɗan danshin ruwa ko sifirit, a hankali, ka bar shi ya bushe. Ban da gefen riga, ban da kananzir ko fetur.

Sa ta a jakarta ko cikin roba mai murfi. In za ta yi wata ba a taɓa ba, cire batir kada ya zubo ya cinye ƙarafan ciki. Alamar batir ta fito, sauya kafin ka yarda da wata lamba. Maimaita gwajin ƙanƙara duk bayan ta faɗi ƙasa, da kuma mako guda kafin Sallah, tun akwai lokacin komawa Sabon Gari in ta gaza.